Gaskit ɗin Motar Gawa da Shirun Malam Sama'ila

Kafin direbobin tashar Kawo su gama shan koko, Malam Sama'ila ya riga ya share gindin dalbejiyar da ke gaban garejinsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba. Shekara talatin da huɗu ke nan haka yake yi. In aka kawo masa motar da ke zafi ba ya tambayar mai ita komai, wai mai mota ba ya faɗin gaskiya sai an kwance inji. Sai ta huce ya zaro ma'aunin baƙin mai. In man ya koma kalar shayi da madara, to gaskit ya ƙone, wato shimfiɗar nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, mai hana ruwa da mai da wuta haɗuwa.

Duk gaskit ɗin da ya ciro, ƙusa yake nema masa a bango, ya ɗaura masa guntun kwali da lambar mota da abin da ya kashe shi. "Babu ruwa." "Fanka ta mutu." Akwai da yawa da aka rubuta wa "Taurin kai" kawai. Sunan mutum ne bai taɓa rubutawa ba.

Malama Aziza, shugabar wata firamare a Mando, ta ce gareji uku suka yanke wa motarta hukuncin kwance inji. Shi kuwa murfin lagireto ya canza mata, ya ce, "Malama, ki tafi, kina tare mini inuwa." Ka ji halinsa ke nan. Hannu mai albarka, baki kuwa sai haƙuri.

Bakin nan ne ya haɗa shi da Mansur, ma'aikacin gwamnati kuma sakataren kwamitin masallacin unguwa. Masallacin na da tsohuwar Fijo da aka cire wa kujerun baya don makara ta shiga, kuma kowa ya san Malam Sama'ila ke kula da ita. Shekara shida da suka wuce ta fara zafi. Da ya kwance ta, sai ya ce a nemo gaskit mai kauri mai laushi, ko da zai ɗauki kwana uku. Mansur ya shiga kasuwar Panteka ya dawo da na ƙarfe, siriri, yana ƙyalli a cikin leda, don ya karanta a waya cewa shi ne na zamani.

"Baba, wannan ya fi ƙarko," in ji Mansur.

Malam Sama'ila ko karɓa bai yi ba. A gaban direbobi ya ce, "Alhaji, je ka sa wa wayar taka. Ni ba zan ɗaura shi ba."

Aka yi dariya. Da ya tsaya ya yi bayani, da Mansur ya ji cewa an wanke kan injin nan, wato an kankare shi, har sau biyu, fuskarsa duk zanzana ce, siririn ƙarfe ba zai toshe ramukan ba. Bai yi bayani ba, Mansur kuma dariyar kawai ya ji. Ran Asabar, Malam Sama'ila ya tafi suna Zariya, Mansur ya sa aka ja motar zuwa wurin wani bakanike, aka ɗaura na ƙarfen, ya mayar da ita harabar masallaci bai gaya wa kowa ba.

Ran Litinin Hajiya Harira, wata dattijuwar unguwar, ta rasu. Ana tafe da ita da tsakar rana, a gindin gadar Kawo, Fijo ta yi tari, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya cak. Ɗan marigayiyar, Mustapha, ya waiwaya ya ga Malam Sama'ila cikin masu rakiya.

"Baba Sama'ila, aikinka ke nan? Uwata za ka bari a titi?"

Malam Sama'ila ya dubi Mansur sau ɗaya. Mansur ya dubi takalminsa. Sai tsohon ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara, aka ƙarasa maƙabarta a ƙafa. Bayan an dawo, shi ya jawo motar, ya nemo mai kaurin ya ɗaura mata, kuma da shi take yawo har yau. Sati bai zagayo ba kwamiti ya karɓe aikin daga hannunsa. Wa ya rubuta takardar sallamar? Sakatare mana, da kyakkyawan rubutunsa.

Abin kunya ne, kuma Mansur ya san abin kunya ne. Direbobi suka fara janye jiki. Mustapha ya daina gaishe da tsohon. Shi kuwa Mansur sai ya canza hanyar zuwa ofis, yana zagaye mai nisa don kada ya bi ta gaban dalbejiyar. Sau nawa ya miƙe bayan salla zai yi magana, sai ya ɓige da sanarwar gyaran famfon alwala.

Watan jiya aka ji Malam Sama'ila zai ajiye aiki. Hannunsa ya fara rawa, ya ce ba ya ƙara jin ɗaurin noti a tafinsa, kuma ba zai yi wa motar mutane canki-canki ba. Mansur ya same shi yana sauke gaskit ɗin bango yana zubawa a buhu don 'yan gwangwan.

"Baba, ni ne," in ji Mansur. "Ni na kai motar masallaci wani wuri."

"Alhaji, ai ni na ciro gaskit ɗin. Ka ɗauka ban san abin da ban ɗaura ba?"

Ya laluba buhu ya miƙo masa siririn ƙarfen, ya ƙone tsakanin ramin fistan na biyu da na uku. Mansur ya juya kwalin yana jiran ya ga "Taurin kai". Abin da ke rubuce shi ne: "Na ba shi kunya a gaban mutane."

Mansur bai san sanda ya zauna a kan tsohuwar taya ba, babbar riga da komai.

Ranar, bayan la'asar, ya miƙe a masallaci da gaskit a hannu, ya faɗi komai, har da takardar. Mustapha ya tashi ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya ce, "Baba". Malam Sama'ila ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi, ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya. Kun gama? To wa ya duba ruwan motar nan yau?" Babu wanda ya duba.

Malam Sama'ila, kai ne ka ɗauki makara da kafaɗa ɗaya, ka ɗauki laifin wani da ɗayar. Kai ne ka duba ƙonannen gaskit ka nemi rabonka na kuskure, alhali da kalma guda za ka iya wanke kanka a gindin gada. Mu ma da muka ji a gari muka yarda, ba mu taka mun tambaye ka ba, kunyar har da mu. Mun gode, Baba. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wani.

Masu sana'a, ku koyi ƙin ɗaura abin da kuka san ba zai riƙe ba. Mu kuma masu kai aiki, wanda duk ya san akwai wani da ke ɗauke da laifinsa, kada ya jira hannun mutumin ya fara rawa.

Buhun ya tafi wurin 'yan gwangwan, amma gaskit ɗaya ya koma kan ƙusarsa. Mansur ne ya roƙi a bar shi. Ya ari biro ya soke rubutun tsohon, a ƙasa ya rubuta "Girman kai", ya sa sunansa. A shekara talatin da huɗu, shi ne suna na farko da ya hau bangon.