Ranar da Matata Ta Rege Faladiyom

Har gobe ban manta da wata Litinin ta watan Afirilu ba, shekara uku kafin in ajiye aiki. A lokacin ni ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata lise, wato makarantar sakandare, a Magariya. Ga waɗanda ba su san aikin ba: ni ke wanke gilasai, in jera magunguna, in zubar da abin da aka gama da shi a ramin yashi da ke bayan ɗakin. Dokata ɗaya ce, kuma da ita aka horar da ni: gilas ba ya wuni da dauɗa.

Malamar shimi, wato kimiyyar sinadarai, ta makarantar, Madam Hadiza, 'yar garin Waca ce. Tana koyarwa, tana kuma haɗa karatun dokta a wata jami'a. A hutu take gwajinta a ɗakinmu.

Abin da take yi, kamar yadda ta bayyana mini, shi ne wannan. Akwai wani ƙarfe mai wuyar samu, faladiyom, da masu haɗa magunguna ke sawa don ya gaggauta haɗuwar sinadarai biyu. Matsalarsa, idan an gama sai ya bi ruwan datti ya tafi. Ita kuma tana da wasu ƙananan ƙwayoyin roba, ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda aka liƙa wa wani irin gishiri mai zama ruwa-ruwa. Idan ta zuba su a ruwan dattin sai su kama faladiyom ɗin su riƙe. Daga nan ƙwayoyin da kansu ke yin aikin haɗin. A tace su, a wanke, a busar, a sake aiki da su.

Malaminta na jami'a ya ce sai ta yi aiki sau goma da ƙwayoyi ɗaya kafin ya yarda. Ta yi shida. Wasu ƙwayoyin babu, faladiyom ma babu. Idan waɗannan suka salwanta, shekararta ta tafi.

Abin da ba ta gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba, shi ne ƙwayoyin farare ne da farko, amma suna aiki suna baƙi.

Da safiyar Litinin ɗin na tarar da wani faffaɗan gilas a kan tebur, cike da baƙin abu kamar guntun gawayi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mace da iliminta ta bar irin wannan ƙazanta tun Juma'a. Na kai bayan ɗaki na kife a yashi, na wanke gilas ɗin har yana ƙyalli, na ajiye mata inda za ta gani ta yaba.

Ƙarfe tara ta shigo. Ta dubi gilas, ta dube ni.

"Malam Idi, ina abin da ke cikin nan?"

"Na tsabtace miki, Madam."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a kan benci, ta ɗora hannu biyu a ka. Ga shi a shekaru na haife ta. Kunya ta rufe ni.

Muka tsuguna a bakin ramin. Ƙwayoyin na nan, amma sun shige cikin yashi. Ta gwada takardar tacewa, yashi ya zauna tare da su. Ta gwada rariyar ɗakin gwaji, girmansu ɗaya. Ta ɗauki hantsaki tana tsinta ɗaya-ɗaya, har azahar ba ta rufe gindin cokali ba. Can ta faɗa, kamar da kanta take magana, cewa robar ta fi yashi rashin nauyi, da akwai injin da ya dace da an raba su.

Na hau moto, wato babur, na je gida na ɗauko matata, Talatu. Mutuniyar Sassumbrum ce, tun tana ƙarama take rege gero, ba a taɓa tauna tsakuwa a tuwonta ba.

Ta murza yashin a tafinta ta ce a ba ta ƙwarya biyu. Madam ta ce sai dai gilas, da ruwan ɗakin gwaji da aka tace. Talatu ta ce ruwa ko wanne ne, amma hannunta bai san gilas ba. Aka sayo sababbin ƙwarya a kasuwa.

Ta zauna a tabarma tana karkaɗa ƙwarya, tana karkatar da ita. Baƙin yana gangarawa cikin ta biyu, yashi yana kwanciya a gindi. Kafin la'asar ta gama bokiti biyu na yashin ramin. Ta miƙa ƙwaryar ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana ku cin abincin rana?"

Madam ta wanke ƙwayoyin sau uku, ta busar, ta auna. Kaɗan ne suka ɓace. Ranar Laraba aka yi gwaji na bakwai. Ya yi, ko da yake bai kai na shida ba.

Sai na ga tana rubuta duk abin da ya faru a kayenta, littafin da take rubuta gwaje-gwajenta. Na roƙe ta ta tsallake wurin, tunda Allah ya rufa asiri.

"Malam Idi, idan na tsallake, wanda ya karanta zai ce ƙwayoyin ne suka gaji. Ƙarya na yi musu ke nan."

Ta cika goma, ta samu doktarta. Ta aiko mana da kundin. Sunan Talatu yana shafin godiya, tsakanin malamin jami'a da mahaifiyar Madam.

Ku da kuke kama aikin yanzu, abin da na koya shi ne a wannan sana'a ana tambaya kafin a wanke, kuma mutanenta za su yafe maka kuskure, amma ba za su ɓoye shi ba. Shekara ashirin da biyu ina wanke gilas, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kaina. Ina cikin kundin dai, a shafin gwaji na bakwai, inda aka ce wani ma'aikaci ya zubar da ƙwayoyin a yashi.