Gefen Ƙarfe da Gwiwar Alhaji Sa'idu

Har yau ban manta da Larabar da Alhaji Sa'idu ya shigo shagonmu ba, a tsakiyar watan Nuwamba na shekarar da na fara aiki. Ina rubuta wannan ne saboda ku ƙannena da makaranta za ta turo koyon aiki a bayana, musamman masu jin nauyin manya irina.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Guangzhou, amma a arewacin birnin akwai wani katafaren zaure da ake sanyaya shi a zuba dusa, mutane su yi wasan zamiya a kan dogayen alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa. Shagon gyaran allunan zamiya yana kusa da ƙofar shiga. Shugabarmu ita ce Shifu Liang, wato Malama Liang, dattijuwa 'yar arewacin China, ba ta da yawan magana. A ƙarƙashinta akwai masu gyara biyu, sai mu ɗalibai a ƙarshe.

Aikin yana da lokutansa. A watan Maris, idan sanyi ya wuce, masu alluna sukan kawo mana ajiya. Sai mu narka kaki, irin na kyandir, da dutsen guga, mu shafe ƙasan allon da kauri har ya rufe ƙarfen da ke gefensa, don laimar garin nan ba ta daɗewa take sa ƙarfe tsatsa. Mu kuma sassauta maɗaurin takalmi. A Nuwamba masu tafiya duwatsun arewa su dawo, mu kankare tsohon kaki, mu wasa gefen da magagari, mu sa sabo, mu goge da buroshi, sannan a saita maɗauri.

Maɗaurin nan shi ke riƙe takalmi a kan allo, kuma an yi shi ne ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi. In aka tsananta shi, allon ba zai fita ba, sai ya murɗe ƙafar har jijiyar gwiwa ta tsinke. Lambar da ake saita shi a kai tana fitowa daga kati: nauyin mutum, tsawonsa, shekarunsa, girman takalminsa, da matakin gwanintarsa. Mataki na ɗaya ɗan koyo, na biyu matsakaici, na uku gwani. Gwani ake tsananta wa maɗauri. Wanda ya cike katin shi ke sa hannu.

Alhaji Sa'idu ɗan kasuwar yadi ne daga Kano, ofishinsa yana wajen Guangyuan. Ya zo tare da Chen, mai masana'antar da yake sayen kaya a wurinsa, wanda ya gayyace shi duwatsun arewa ranar Lahadi. Allunan Alhaji suna wurinmu tun Maris. Da Shifu ta ji yana waya da Hausa, sai ta miƙo mini kati.

Na rusuna na gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Ikon Allah. Bahaushe a cikin firij. Ɗan ina ne kai?”

“Ɗan Gwale, Alhaji. Auwalu sunana.”

“To Auwalu, a yi mini aiki mai kyau. Kada a ba ni kunya a gaban Lawban.” Haka yake kiran Chen, wato maigida.

Ya hau sikeli, na auna tsawonsa, na rubuta. Da na zo kan mataki, na karanta masa ukun. Chen yana tsaye a kafaɗarsa yana leƙen katin.

“Na uku mana,” in ji Alhaji, ya ɗaga yatsu uku yadda Chen zai gani. Chen ya yi dariya ya buga masa baya.

A horon da aka ba mu, akwai tambayoyin da ake bin wannan amsa da su: sau nawa ka yi, a wane gangare, yaya kake tsayawa. Duk na haddace su. Amma mutumin sa'an mahaifina ne, ga abokin kasuwancinsa a gefe. Ban yi masa ko ɗaya ba. Na zagaye na uku, na sa hannu.

Washegari na ɗora allunan a kan benci na kankare kakin ajiya. Alhaji ya rubuta “dama” da “hagu” a kansu da alƙalamin maka, don haka kowanne a ƙafa ɗaya yake zama. Na goga farcen babban yatsana a gefen ƙarfen, yadda aka koya mana: mai kaifi yana ɗan askar farce, dakusasshe yana wucewa sumul. Gefen ciki na duka biyun ya dakushe. Gefen waje kuwa kamar yau aka fito da shi daga kwali. Kawunansu duk ƙarce, inda ɗaya yake hawa kan ɗaya. Wannan sawun ɗan koyo ne, mai haɗa kawunan alluna ya buɗe dugadugai don ya rage gudu. Gwani yana cin gefen biyu daidai.

Na kai wa Shifu. Ta shafa ƙarfen sau ɗaya, ta duba katin.

“Hannun wa ke nan?”

“Nawa.”

“To kai za ka gyara. Ba a sauya kati sai mai kaya ya sa hannu.”

Na roƙe ta ta kira shi da kanta, na ce a wurinmu yaro ba ya ƙaryata babba. Ta ce ita ba ta ce na ƙaryata kowa ba, ta ce na kai masa allonsa ya taɓa.

Ranar Juma'a na hango shi a Masallacin Huaisheng cikin abokansa 'yan kasuwa, na kasa matsawa. Na koma shago na ɗauko allon dama a jakarsa, na shiga jirgin ƙasa da shi a tsaye kamar mai rakiyar tabarya, kowa yana kallona. Na sami Alhaji shi kaɗai a ofis, tsakanin dilolin shadda.

“Har an gama? Ina ɗayan?”

“Ba a gama ba, Alhaji. Wani abu nake so ka taɓa.”

Na nuna masa yadda ake goga farce. Mutum ne da ya saba gane kaya da yatsa, bai buƙaci bayani sau biyu ba. Ya gwada gefen waje, ya gwada na ciki, ya sake gwadawa. Na faɗa masa abin da hakan ke nufi, idona yana kan tayil.

“Wato ka biyo ni har ofis ka ce na yi ƙarya.”

“Allah ya huci zuciyarka. Laifina ne, akwai tambayoyin da ban yi maka ba.”

“Allona ne, ƙafata ce. Sa yadda na ce.”

“In na sa haka ka faɗi a kan dutse, ba zai sake ka ba. Gwiwar ce za ta tafi. Ba zan iya barin hannuna a kan katin ba, Alhaji.”

Ya juya zoben hannunsa. Can ya ce shekara da shekaru suna hulɗa da Chen, kullum Chen ne mai nuna masa abu, shi ya sa ya ce masa ya ƙware. Sau biyar ya taɓa shiga zauren namu.

“Lambar nan, ana ganinta?”

“Akwai 'yar taga a jikin maɗaurin. In Chen ya sunkuya zai gani.”

“Lawban da tumbinsa? Ba zai sunkuya ba.” Ya miƙo hannu. “Kawo biron.”

Ya zagaye na ɗaya, ya sa hannu. Ranar Asabar na saita maɗaurin, Shifu ta gwada shi a na'ura, ta gyaɗa kai.

A watan Maris ya dawo da allunan ajiya, yana tafiya a kan ƙafafunsa biyu. Ya ce rabin tafiyar a tsintar allo ya ƙare, don duk faɗuwa sai ya fice, kuma ni ne sanadi. Chen ma, in ji shi, ya sha ƙasa ba adadi.

Abin da na koya shi ne, mai kawo allo ba ya nufin cutar kansa. Akwai dai wanda yake tsaye a gefensa da ba ya so ya ji gaskiyar. Jin nauyin da na yi masa a ranar farko kaina na kare da shi, shi kuwa na bar gwiwarsa a hatsari. Tun daga lokacin nakan duba ƙarfe kafin na ɗauki biro, kuma idan na zo kan tambayar mataki, nakan tura ɗan rakiya ya je ya sha shayi tukuna.