Hannun da Zai Shiga Bakin Baba Ɗangara

Har gobe ina tuna ranar kasuwar Jibiya da aka sauke mini Baba Ɗangara daga kan jaki, 'yan shekaru kafin 'yancin kai. Lokacin ni ne malamin ɗakin shan magani na En'e, ni kaɗai. Ƙa'ida ita ce in wanke miki in ba da ƙwaya. Cire haƙori kuwa sai likita ya zo rangadi daga Katsina, in ya ga dama.

Baba Ɗangara tsohon mai gadin igiyar kwastan ne a bakin iyaka. Ciwon kyarma ya kama shi shekara da shekaru, kullum ƙara gaba yake. Asawaki ya gagari hannunsa, haɗiya ma da ƙyar. Da na buɗe bakin, sai ga tuwon jiya maƙale a kunci, dasashi duk ya kumbura. Shi ya sa ya daina cin abinci.

Matarsa ta rasu, ɗansa na fatauci a tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa ke mulki. Matar ɗan, Hajara, ita ta rako shi. Na yi mata bayani dalla-dalla: ta naɗe ƙyalle a yatsa, ta tsoma a ruwan gishiri mai ɗumi, ta goge masa baki safe da yamma. Kanta a sunkuye ta ce to. Layi ya kai bakin titi, na kira na gaba.

Bayan sati uku aka dawo da shi, kuncin ya yi suntum, ya rame ƙwarai. Na hau Hajara da faɗa. Sai da na gaji ta ce, "Malam, surukina ne fa. Ko cin abincinshi ban taɓa gani ba, a bakin ƙofa nike aje kwano."

Kunya ta rufe ni. Ni ma Bahaushe ne, a gida irin wannan aka haife ni, amma na karanto mata abin da ke cikin littafi.

Na tambayi tsohon wa yake yarda ya riƙe masa kai. Da ƙyar ya ce wanzaminsa. Na nemo wanzamin na koya masa, ya riƙa zuwa kullum. Da likita ya zo ya cire haƙora biyu, ya kuma rubuta mini gargaɗi don na haɗa aiki da wanzami. Na karɓa, ba ni da ƙarfin musu.

Kyarmar ba ta sake shi ba, ya rasu da kaka. Amma Hajara ta ce mini har kwana uku kafin rasuwarsa kwanon na dawowa babu komai.

Ku da kuka fara aiki yanzu, idan mai jinya ya ce muku to, kada ku yi saurin kiran na gaba. Ku tambaya tukun, a gidan nan hannun wa zai shiga bakin.