Cocin Bakin Dam da Kifin Juma'a

Cocin nan da ke bakin dam ɗinmu, a gabana aka haife shi. Shekarar da aka tare ruwa, an kawo ma'aikata daga kudu, 'yan Katolika, suka roƙi mai gari wurin ibada. Ya ba su fako inda ko ƙaya ba ta fita, ya ce aro ne. Suka kafa rumfar kara, daga baya suka sa kwano, suka rataye tsohon wilin mota suna bugawa ranar Lahadi.

Mazajenmu manoma ne da ruwa ya cinye gonakinsu, suka koma kamun kifi ba don so ba. Ni ina suya. Mutanenmu kuwa ba su ɗauki kifi nama ba, sai mu soya ƙudaje su yi biki.

Rannan aka ce baƙin sun shiga azumin kwana arba'in, ga bazara tana dafa mutum. Tausayi ya kama ni. Juma'ar farko na dama kunun tsamiya, ina jiran rana ta faɗi in kai musu buɗa-baki. Rana tsaka sai ga matar malaminsu da kwando, ta kwashe kifina kaf. Na tambaye ta ko azumin ya karye ne.

"A'a, Iya, azumin ke nan. Nama aka hana mu."

Na sha kununa. Ikon Allah, wasu da ƙishirwa, wasu da tarwaɗa.

Da aikin dam ya ƙare, baƙin da yawa suka yi zamansu, dattawa suka ce a karɓe filin, wai wilin yana firgita awaki. In an rushe cocin, kaskona ya mutu, da na mata goma. Mu ba a kiranmu zaure. Sai kowace ta tuna wa mijinta abin da ya ɗinka masa rigar Sallah. Washegari zaure ya cika, aka yi ta gyaran murya, aka gano cewa awakin sun saba.

Aron nan har yau. Bara iska ta yaye kwanon ana saura mako su shiga azumi, maigidana, wanda ya fi kowa kumfar baki a da, shi ya riƙe tsani wajen gyara. Fadansu, wato limamin cocin, yakan zo a babur daga Daura, ya gode mana da riƙon maƙwabtaka. Mukan amsa da ladabi. Ba a mayar da godiya.