Jar Robar Maiwada

"Ni in kawo keke, kai ka haɗa. Amma suna nawa ne."

Haka na ce wa Maiwada a gindin dalbejiyar da yake aiki a Malumfashi, shekarun baya, lokacin da na fara sauko da kekunan tsere 'yan Kwatano zuwa shagona na Funtua. Kekuna ne marasa nauyi, taya siririya, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. A kwakkwance suke isowa cikin kwali, kuma duk yankin nan babu hannun da na yarda ya haɗa mini su sai nasa.

Bai ɗago ba. Tif yake tsomawa a kwanon ruwa, yana neman inda iska ke fita.

"Wane suna, Alhaji?"

"Sitika zan buga. Alhaji Sanda Mai Kekuna, Funtua. Duk keken da ka haɗa mini da ita zai fita. Kuma kada in ji ka ce wa kowa aikinka ne."

"Na yarda. Ni ma ina da nawa sharaɗin."

Na gyara zama, na ɗauka ladan aiki zai ja.

"Layi," ya ce. "Wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Ko naka ne, ko na mai tallar rake."

Na miƙa masa hannu da sauri kada ya canza magana. Na yi dillancin auduga, na yi na shanu, na kwana a tashoshi daga nan har Legas, ban taɓa ƙulla ciniki mai araha irin wannan ba. Haka na gani a ranar.

Watan da ya wuce Maiwada ya ajiye sifana, bayansa ya ƙi durƙuso. Shi ya sa na zauna in yi masa jinjina a gaban jama'a. Ba zan ɓoye ba, da ɗan zafi a raina nake yin ta. Abin da na nema a harkar keke suna ne, so nake wata rana a kira ni uban ƙungiyar masu tsere. Ku biyo ni ku ji inda sunan ya tafi.

Da an fito sallar asuba za ka tarar da shi yana share gindin bishiyar. Ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga babba zuwa ƙarami, ya jingine famfo, ya cika kwano da ruwa. Hansai, uwargidansa, ta sauke tukunyar kununta a gefe. Masu fara zuwa manoma ne da sauran masu neman na kansu: mai baƙin keken da ya sha dakon taki har kariyar ɗora kaya ta lotsa, mai kai madara, malamin firamare da birkinsa ya daina ji. Kowa ya jingine nasa bayan na wani. Idan layi ya zo kanka, sai Maiwada ya ninke tsohon buhu a ƙasa, ya ɗaga keken ya kifa shi a kai, tayoyi suna kallon sama. Idan ya gama, ya yanki siririyar roba daga tsohon jan tif ya ɗaura a ƙarƙashin sirdi. Dalilin robar ba wani babba ba ne. In ya tafi masallaci, da ita Hansai ke gane wanda aka gama ta miƙa wa mai shi. Sai kuma maganar da yake yi wa kowa in zai tafi: "In ka ga mai irin wannan ya tsaya a hanya, ka tsaya masa."

Yanzu bari in gaya maku su wane ne masu tsere. Ma'aikata ne da 'ya'yan masu hali, suna fita kowace Asabar daga Funtua, su bi ta Bakori su sauka Malumfashi, da hular kwano da wando mai kama jiki wanda in ni ne ko a ɗaki ba zan sa ba. Idan suka haɗu, ba fuskarka suke fara kallo ba, goshin kekenka suke kallo, inda tambarin kamfani yake. Mai keke ɗan Italiya shi ne a gaba, shi ake fara gaisarwa. Mai ɗan Amurka na biye, ana cewa masu irinsa cika baki ne da su. Mai ɗan Cana yana can baya, ana yi masa tsiya wai kekensa daga taya har sarƙa da gwangwanin madara aka ƙera. Masu baƙin keke irin na iyayenmu kuwa ba su cikin lissafi. 'Yan buhu ake ce masu saboda buhunan da suke dako, ko sallamarsu ba a amsawa a hanya.

Ni wannan hali bai dame ni ba, kasuwata ce. Duk wanda aka yi wa dariya ranar Asabar, ranar Litinin yana shagona.

Mai jan gaba a wannan girman kai shi ne Almustapha, wani ma'aikacin banki, yaro mai tsabta da iya ado. Ni na sayar masa da ɗan Italiyarsa. Wata Asabar giyar keken ta riƙa tsallake, ya tsaya wurin Maiwada. Ina zaune a benci ina shan kunu, a gabana aka yi. Ya turo keken kai tsaye gaban layi.

"Baba, duba mini wannan, sauri nake."

"Sannu da hanya. Jingine shi bayan na Malam Toma."

Toma manomi ne daga Gozaki, dattijon coci, kekensa ya girmi Almustapha. Almustapha ya dubi keken, ya dubi Maiwada.

"Baba, ka san daga wace ƙasa wannan ya zo?"

"Daga ina?"

"Italiya."

"Ashe ya sha hanya. Bar shi ya huta a layi."

Almustapha ya juyo gare ni da ido, wai in sa baki. Na ƙura wa kofin kununa ido. Ni na yarda da sharaɗin, da hannuna na tafa.

Da layi ya iso kansa, Maiwada ya ninke buhu ya kama keken zai kifa. Almustapha ya yi tsalle kamar an taka masa ƙafa.

"A'a, Baba! Wannan ba a kifa shi! Sirdin zai goge!"

"To ta ina zan ga cikinsa? Ga buhu na shimfiɗa masa."

Ya kifa shi. Tambarin nan da ake yi wa gaisuwa ya koma yana kallon ƙasa, kamar na kowa. Toma bai riga ya tafi ba, yana ɗaure kayansa. Ya ce, "Yallaɓai, barka. Yau kai ma ka zama ɗan buhu." Hansai ta rufe baki da gefen mayafi. Almustapha ya karɓi kekensa bai yi sallama da kowa ba, bai ma lura da abin da aka ɗaura masa a ƙarƙashin sirdi ba. Sauran abokansa da sun gani suke yankewa, wai tana ɓata kyan keke.

Maiwada, kai ne wanda ban taɓa ganin ya canza murya don tambari ba. Ni da na ga ɗan Italiya har tsayuwata canzawa take yi. Kai kuwa yadda ka riƙe keken mai rake haka ka riƙe na mai banki, ba ka wulaƙanta wancan ba, ba ka yi wa wannan rawar jiki ba. Na daɗe ina jiran ranar da zan kama ka, ban samu ba.

Da damina ta zauna, masara ta rufe gefen titi, sai aka yi abin da ya juya komai. Almustapha ya zabura ya bar 'yan ƙungiya a baya don ya nuna masu bambanci, ya ratse wata hanya wajen Tsiga, nan sarƙarsa ta tsinke. Babu kowa, waya ba ta kamawa, ga hadari ya haɗo. Takalman tseren nan kuma ba a tafiya da su a ƙasa, sai ka ga mutum yana taku kamar agwagwa. Sai ga Toma ya dawo daga kai wa 'yarsa hatsi, kariya babu kaya. Ya wuce shi. Har ya yi gaba ya waiwayo, ya taka birki.

Toma da bakinsa ya ba mu labarin. "Wucewa zan yi, tunda sun ce ba a gaisawa da mu. Sai na hango jar robar Baba tana leƙowa. Na ce to, wannan namu ne, ko ya sani ko bai sani ba."

Haka suka shigo Malumfashi a jiƙe: Toma na tuƙi, Almustapha a kan kariya inda buhun masara ke zama, hular kwano a ka, ɗan Italiya a saɓe a kafaɗa. Mutanen bakin tasha suka fito suna kallo. Maiwada bai yi dariya ba, ya dai ce, "Sannunku. Jingine shi bayan na Malam Toma."

Almustapha ya jingine, ya nemi wuri a benci kusa da Toma. Ba shi da muguwar zuciya, yarinta ce. Asabar ɗin da ta biyo shi ya tsayar da ƙungiya gaba ɗaya a hanya don wani mai dakon itace da tayarsa ta sace.

Daga nan jar roba ta zama abin nema. Waɗanda suka yanke tasu suka riƙa ƙirƙiro ciwon da keke ba shi da shi don su shiga layi a sake ɗaura masu. A shagona na Funtua, mutum zai zo ya shafa keke, ya duba tambari, sannan ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin sirdi: "Alhaji, wannan yana da roba?" Sitikata kuwa, mai ruwan zinariya, wadda sai da na je Kano aka buga mini, ɓamɓare ta suke yi tun a bakin ƙofa, wai tana rufe sunan kamfani. Na aika a nemo mini jan tif a kasuwanni, aka ce yanzu baƙi ake kawowa, ja sai tsoho. Tsofaffin kuma duk suna cikin akwatin Maiwada, ya tara su tun ba a san suna da amfani ba.

Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa karya alkawari ba. Sau da yawa ina ji ana tambayarsa wa ya haɗa keke kaza, sai ya ce, "Na Alhaji Sanda ne, ga sunansa nan a jiki." Da ya ci amanata da na sami abin riƙewa. Bai ba ni ko wannan ba.

Da labari ya fita cewa zai ajiye aiki, ya zo daidai da lokacin da ƙungiya za ta naɗa uba. Ni na ɗinka masu rigunan tsere a bana, ni na ba da motar da ke bin su da ruwa. Na sa an wanke babbar rigata an yi mata bugu. Aka taru a gindin dalbejiya, shugabansu Muhammad Awwal ya tashi ya gode mini, ya yi ta gode mini har na fara zargin abin. Sannan ya ce duk mai jar roba ya ɗaga kekensa sama. 'Yan Italiya suka tashi, 'yan Cana suka tashi. Can baya manoma suka cicciɓi baƙaƙen kekunansu da ƙyar suna dariya. Ya nuna Maiwada ya ce, "To, ga uban da ya haife mu."

Maiwada ya girgiza kai. "Alhaji ya fi ni cancanta. Shi ya kawo kekunan."

Toma ya ce, "Baba, Alhaji ya kawo kekuna. Mutanen wa ya kawo?"

Na yi tafi tare da kowa. Hannuna ya yi nauyi, amma na yi.

Da taro ya watse na sa aka sauko da nawa keken daga mota, wanda nake ɗan motsa jini da shi saboda likita ya matsa. Na tura shi gaban Maiwada. Ya dube ni, ya dubi bayana.

"Alhaji, layi."

Na jingine bayan na wani mai tallar rake. Na jira. Ya kifa shi a kan buhu, ya ɗaure birki, ya yanko roba ya ɗaura, ya faɗa mini maganar da yake faɗa wa kowa, bai rage ko kalma ba.

Maiwada, mai buhu ɗaya ga kowa, na gode. Allah Ya ba bayanka lafiya, Ya saka wa Hansai da ta tsare maka layi duk tsawon shekarun nan. Ku kuma masu sana'ar hannu, da masu shago irina, da masu zama bayan teburi a ofis, ku je ku ga gindin bishiyar nan. Babu komai a wurin sai benci da tabon baƙin mai. Ku koyi kallon wanda ya riga zuwa kafin ku kalli abin da ya hau.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na rufe magana ban faɗi yadda ciniki ya kaya ba. Toma ya ci riba, yanzu shi ke buɗe hanya ranar Asabar da baƙin kekensa, 'yan Italiya na biye har a fita gari. Almustapha ya ci riba, ya shigo da girman kai ya fita da abokai. Maiwada ya bar mini suna ya riƙe layi, ga shi sunan ya biyo layin ya same shi har gida. Wanda ya faɗi ni ne, Alhaji Sanda Mai Kekuna. Sitikata tana nan a jikin kekena tana walƙiya, ba mai karantawa. Shekaranjiya iska ta sauka a tayata wajen Bakori, wani saurayi mai hular kwano ya taka birki ya dawo. Bai san ni ba. Ƙarƙashin sirdi ya leƙa.