Siracen Kaka Da Jikin Da Ba Ya Zufa

Na san na ɓace muku. Masu tambaya "Rahila, ko wani littafin soyayya ne ya haɗiye ki?", ku yi haƙuri, asibiti na kwanta. Har yanzu ko rubutu gajiyar da ni yake yi. Amma akwai wata jaririya a danginmu da nake tsoron a yi mata abin da aka yi mini, dole in yi magana.

Ga abin da ko aminiyata ba ta sani ba: ban taɓa yin zufa ba. Ko sau ɗaya.

In muna tsaga citta a tsakar gida kowa ya jiƙe, sai in zagaya bayan randa in shafa ruwa a goshi, don a gidanmu wanda bai yi zufa ba bai yi aiki ba. A littattafaina kuwa, da saurayi ya kalli budurwa sai tafin hannunta ya jiƙe. Na ɗauka ƙarin gishirin marubuta ne.

Ni zafi shiga jikina yake yi ya rasa ƙofar fita.

Da hutu na je Zonkwa wurin Kaka, mahaifiyar Babana, ana tsakiyar zafin nan na kafin ruwan farko. Muka tako daga coci da rana tsaka. Kafin mu kai gida kaina na sara, ƙasa na juyawa. Kaka ta taɓa wuyana.

"Wayyo Yesu! Zazzaɓi ne ya maƙale, bai samu zufa ba."

Ta dafa ganyen dogon yaro, ta zaunar da ni gaban tukunyar, ta rufe ni da bargo. Sirace, yadda take yi wa duk jikokinta.

"Kaka, zafi."

"Shi ake so, ƙawata. Daure. Da zufa ta karyo kin warke."

Ta ɗaga bargon, ta shafa goshina, a bushe. Sai ta ƙaro wani bargon. Kunya ta hana ni ce mata zufar ba za ta zo ba.

A asibiti na farka, a Kafanchan, da ƙarin ruwa a hannu, an lulluɓe ni da jiƙaƙƙun tawul, fanka a kaina. Aka gwada maleriya, babu. Taifot, babu. Kullum a ɗebi jini, a karɓi fitsari, likitoci na tsoron kada ƙodata ta taɓu. Baba ya sayar da cittar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada.

Wata likita ce ta tambaya, "Yaushe rabonki da zufa?"

Mama ta ce, "Tana yi mana, likita. Ina ganin goshinta a jiƙe."

Na ce, "Ruwan randa ne, Mama."

Ba ta yi faɗa ba. Zama kawai ta yi a bakin gadon.

Aka tura mu Jos. Can aka barbaɗa mini wata hoda da ke canja launi in ta taɓa zufa, aka sa ni a ɗaki mai ɗumi. Yadda aka barbaɗa ta haka aka goge ta. Likitan ya ce wasu haka ake haifar su, yana iya bin dangi, ba shi da magani sai kiyayewa. Ya kalli Baba ya ce, "In aka sake yi mata sirace, ƙila ba za ta tashi ba."

A mota Baba ya ce, "Kada wanda ya gaya wa tsohuwa. Hawan jini gare ta." Har yau Kaka cewa take siracenta ne ya fara karya ciwon.

Na samu sauƙi, ƙodata lafiya. Ina yawo da gorar ruwa da jiƙaƙƙen gyale, ba na fita da rana. Na gaji da bayani, na gaji da inuwa. Amma ina raye. Na gode wa Ubangiji, da nas-nas, da matan cocinmu da suka yi ta kawo kunu.

Don Allah, in jikin mutum ya yi zafi fatarsa a bushe, kada ku rufe shi. Ku kai shi inuwa, ku jiƙa shi, ku yi masa fifita, ku tafi asibiti.

Jaririyar da na ce ita ce Salomi, 'yar ƙanen Babana, a gidan Kaka suke. Uwarta, Anti Ladi, ta zo gaishe ni tana dariya: "Wannan 'yar gayu ce kamar ke, duk zafin nan ba ta zufa."

Na gaya wa Baba. Ya ce a bari sai ya samu lokacin da ya dace. Zazzaɓin farko da Salomi za ta yi, na san wa zai ɗora tukunya.

Na gwada faɗa da baki, na kasa. Shi ya sa na rubuta. Ran Lahadi da sassafe za mu Zonkwa, zan miƙa wa Anti Ladi wayar nan ta karanta wa Kaka da ƙarfi, ina zaune a wurin.

Baba zai yi fushi. Kaka za ta yi kuka, na sani.

To, sai dai ta yi. Zan riƙe mata hannu.