Fir'aunan Gwallaga da Likkafanin Inna

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na fito tsakar gida na tarar da autana a miƙe kan tabarma, an naɗe shi da farin ƙyalle tun daga ƙafa har wuya. Yaron yanzu ya fi ni tsawo, har gemu yake tarawa, amma in na tuna sai in ji hannuna yana ƙaiƙayin kama kunnensa.

Wata shekara ce da aka yi dogon yajin aiki, makarantun firamare suka zauna a rufe wata da watanni. Muna zaune a gidan gado a unguwar Gwallaga, ni da maigidana da yaranmu biyu, sai mahaifiyarsa da muke kira Inna. Babbar 'yata tana da shekara goma, takwarar Inna ce, auta kuma shida. Maigidan yana sayar da yadi a Kasuwar Muda Lawal, da sassafe zai saɓa babbar riga ya fice, a bar ni da yara biyu suna neman rushe gidan. Da na gaji da tsawa sai na tuna ai tarihi na karanta a kwaleji, takardar shaidar tana ƙasan akwati tana shan ƙura. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa na ce na buɗe makaranta.

Don babbar na buɗe ta, in faɗi gaskiya. Yarinya ce da malamanta suka gama yanke mata hukunci, kowane zango abu ɗaya suke rubutowa: ba ta magana a aji, ba ta ja. Ni ma da na gwada ta da lissafi ido kawai ta zuba min. Sai ranar da na ɗauko wani tsohon littafi mai hotuna da na taɓa saya wurin masu littattafan gwanjo. Ta ɗora yatsa kan hoton wani ƙwarangwal mai dogon wuya ta ce, "Mama, wannan ƙashin waye?" Na ce mata sunansa dainoso, wata dabba ce mai siffar ƙadangare, wasunsu sun ninka giwa girma, sun rayu sun ƙare tun kafin a samu mutum a bayan ƙasa, kuma har a hamadar Nijar an tono ƙasusuwansu. Ranar sai da tuwona ya kama ƙasa saboda tambayoyinta. Cikin mako biyu yarinyar da aka ce ba ta ja ta koma karanta littafin da kanta, tana haɗa baƙi da ƙyar tana fassara wa ƙaninta. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

To, ashe wahala na sayo da kuɗina. Da na gaya musu masana sun ce tsuntsaye daga zuriyar dainoso suka fito, auta ya daina cin kaza, ya koma bin kajin Inna yana musu gurnani, har wata ta gudu ta bar ƙwanta ya lalace. Inna ta leƙo ta ce, "Wai ni kam, kajin nawa ne jikokin dodo? Me kike ɗura wa yaran nan ne?" Na ba ta haƙuri. Ba a yi kwana biyar ba na koya musu yadda masu binciken tarihi ke tona ƙasa a hankali suna tankaɗe ta. Washegari na nemi rariyar garin tuwona sama ko ƙasa, sai a bayan madafa na same ta cike da ƙasa, ga ludayina a karye. Sun tono ƙasusuwan ragon layyar bara, kuma duk faɗin gidan nan ba su ga wurin jera su ba sai kan gadon babansu.

Maigidan mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon muƙamuƙin rago a kan matashinsa, ya ce, "Saura sau ɗaya. In aka sake wata ɓarna, makarantar nan ta tashi, littafin kuma na ɗauke." Na san ba wasa yake ba. Na tara yaran na ja musu kunne, suka gyaɗa kai kamar na Allah.

Daga nan muka tsallaka Masar ta dā. Inna na jin sunan Fir'auna ta ajiye carbi ta ce, "A rasa wanda za a koya wa yara sai wannan la'ananne?" Na ce, "Inna, ai sarauta ce, sarakunansu da yawa haka ake kiran su." Ta ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ni kuwa da kaina ya ɗau zafi, na zauna na zayyana wa yaran komai: yadda suka gina dala da manyan duwatsu, yadda suke busar da gawar sarki da wani abu mai kama da kanwa, su yanka farin ƙyalle siri-siri su naɗe ta, su binne shi da zinariya da gado da abinci. Babbar tana rubutawa a littafinta, ni ina jin kaina wata shehiya.

Ranar da abin zai faru, da hantsi Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, ni kuma ina wanki a bayan ɗaki. Na lura gidan ya yi tsit, maimakon in tashi in duba sai na ce alhamdulillahi sun fara hankali. Da na fito shanya na ga abin da na gani. Auta a miƙe, fuskarsa kaɗai a waje, an barbaɗa masa kanwata a goshi, an jera masa kofin shayi da takalmansa a gefe. Babbar na durƙushe da almakashi, fuskarta fal murna.

"Mama, kalli! Ko yatsa ɗaya ban bari a waje ba."

Auta ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kar ki taɓa ni, ni Fir'auna ne, na mutu."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ƙamshin ya bugo ni, ƙamshin kafur da tsohon turare. Na waiga ɗakin Inna, na hango akwatinta na ƙarfe a buɗe. Wannan farin yadi likkafaninta ne. A aikin hajjinta ɗaya tilo ta saye shi, ta tsoma shi a ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya ta ninke ta taho da shi. Sama da shekara ashirin yana ƙasan akwatin, duk shekara sai ta fito da shi ya sha iska. Ni kaɗai ta taɓa nuna wa wurin, ta ce in ta Allah ta kasance na san inda yake.

Ban kai ga kwance ko ƙafa ɗaya ba na ji sallamarta. Ta shigo, idonta ya sauka kan jikanta a naɗe cikin fari, ƙullin goron da ke hannunta ya faɗi. Ta saki salati da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, ta zube a ƙasa. Tsakaninta da Allah ta ɗauka yaron ya rasu. Sai da ja'irin ya yi atishawa saboda kanwa, ya ce, "Inna, wasa ne fa," sannan numfashinta ya dawo. Ta miƙa hannu ta ɗauki tsiri ɗaya na yadin, ta kai hanci, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dafa bango ta shige ɗaki.

Nan na juyo kan babbar kamar zan cinye ta. "Kin kashe ni! Kin san mene ne wannan?" Ta ce, "Yadi ne. Na ga ya daɗe ba ta ɗinka ba." Na ce, "Likkafaninta ne!" Ta ɗago ido cike da hawaye ta ce, "Mama, mene ne likkafani?" Hannuna da na ɗaga ya tsaya a sama. Yarinyar nan za ta iya lissafo maka yadda ake shirya gawar sarkin Masar daki-daki, amma ba ta san da me ake rufe mamaci a unguwarsu ba. Kuma ni ce sila, don duk ranar da aka yi rasuwa kusa da mu, gidan yayata nake tura su wai kar su tsorata.

Da maigidan ya dawo bai ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ɗauki littafin hotunan da na rubutunta ya jefa saman kabad, ya ce an tashi makaranta. Washegari ya zo da sabon farin yadi mafi kyau a shagonsa, ya durƙusa ya ajiye gaban Inna. Ta dube shi ta ce, "Naka ya sha Zamzam?" Ya sunkuyar da kai ya fito. Kwana uku in na gaishe ta "lafiya" kawai take cewa. Babbar kuma ta koma gidan jiya, ta zauna a lungu shiru, ko na tambaye ta sai ido. Haushin kowa nake ji a kwanakin nan: haushin yaran, haushin babansu, haushin masu yajin aiki, har da Fir'aunan da ya mutu shekaru dubbai bai bar jawo wa mutane masifa ba. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne ganin bakin da na sha wuya ya buɗe ya sake rufewa.

A rana ta huɗu bayan la'asar, Inna ta ɗaga labule ta ce, "Takwara, zo min da allura da farin zare." Na jawo faranti kusa da ƙofar ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. Inna ta zazzage tsirarran yadin a tabarma, ta ce, "Su mutanen naki, da suka naɗe sarkin, sai me?" Yarinyar ta tsaya juya zaren a hannu. Inna ta ce, "Da ke nake. Ai kin fi ni sani." Can ƙasa-ƙasa na ji yarinyar ta fara: zinariya, kujeru, tulunan abinci, har jirgin ruwa. Inna ta ce, "Ikon Allah. To sun tafi da kayan?" Ta ce, "A'a. Ɓarayi sun kwashe wasu, sauran suna gidan tarihi. Su ma sarakunan wasunsu suna cikin gilashi, mutane na zuwa kallo." Inna ta tafa hannu ta ce, "Kallo? Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira." Sannan ta tura mata tsirarran gabanta ta ce, "Ni nawa kayan tafiyar ke nan gaba ɗaya, kin kuma yayyanka. Sai ki zauna ki haɗa min abina."

Kusan mako biyu suka yi suna wannan aiki, kullum bayan la'asar. Yarinyar na ɗinki, Inna na gaya mata yadda ake yi a wurinmu: yadda mata ke wanke mace, yadda ake suturta ta, da yadda sarki da talaka ke tafiya da kaya iri ɗaya. Ita kuma tana biyan ta da labarin dala da dainoso. Ɗinkin ya fito a karkace, wani wuri ya tattare, wani wuri har da ɗigon jinin yatsa da aka wanke bai fita duka ba. Ranar da aka gama Inna ta kira ɗanta ta ce ya sauko wa takwara da littattafanta. Ya ce, "Inna, ai na riga na yanke..." Ta katse shi, "Ni aka yi wa ɓarna ko kai? Sauko da su, ina so in ji abin da ya kashe ƙadangarun nan."

Haka makarantata ta sake buɗewa da ɗalibai uku, kuma sabuwar ta fi kowa ba ni wahala. Ba abin da zan faɗa ba ta musa ba. In na ce shekara miliyan kaza, sai ta ce, "Wa ya ƙirga?" In na nuna hoto ta ce wanda ya zana yana wurin? Sai takwararta ta zaƙe tana kare ni da hujja, su yi ta yi har a kira magariba.

Inna ta ƙara shekara tara a duniya. Ranar da ta cika, matan da suka zo yi mata wanka suka buɗe akwatin, suka tarar da yadi biyu, sabon da ɗanta ya kawo a ƙasa, mai facin a sama. Wata ƙanwarta ta ɗaga shi ta ce wannan tsumman fa, a miƙo mai kyan. Na ce a'a, ta bar min wasiyya tun da ƙarfinta, ta ce wanda takwara ta ɗinka za a sa mata. Babbar tawa, wadda a lokacin tana jami'a tana karatun tarihi, ita ta karɓe shi ta warware da hannunta, tana bin karkataccen ɗinkin nan da yatsa tana kuka.

Har gobe ina koya wa yaran dangi labarin mutanen dā da dabbobin da suka shuɗe, ban kuma yi nadamar ko shafi ɗaya ba. Sai dai na koyi cewa kafin ka kai yaro Masar, ka fara zagayawa da shi ɗakin kakarsa, ka gaya masa abin da ke cikin akwatin da dalilin ajiye shi. Ni na tsallake wannan, sai da tsohuwar da nake ganin ba ta yi boko ba ta ba da abu mafi daraja da ta mallaka ta cike min gurbin.